Kalmar «right» ta Ingilishi da takwarorinta a harsunan Turai: darasi a ilimin ma'ana

Gabatarwa

Ɗalibin da ya ƙoshi da Faransanci kafin ya shiga koyon Ingilishi yakan rubuta a littafinsa cewa «right» ita ce «droit», ya ɗauka magana ta ƙare. Ba ya daɗewa sai ya ci karo da «you are right», wadda Bafaranshe ke faɗa da «vous avez raison», ko da «the right answer», wato «la bonne réponse». Idan ya juya ta ɗaya ɓangaren kuma, zai tarar da «faculté de droit» da «droits d'inscription», waɗanda ba a fassara ko ɗayansu da «right». Wannan maƙala za ta bi ma'anonin kalmar ɗaya bayan ɗaya, ta duba yadda sauran harsunan Turai suka rarraba su, sannan ta auna abin da hakan ke nufi ga mai fassara zuwa Hausa. Batun ya wuce na aji kaɗai, domin Kundin Sake Gina Ƙasa na watan Maris 2025 ya sanya Hausa harshen ƙasa a Nijar, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Takardun doka da na mulki da ke ratsa tsakanin harsunan nan uku cike suke da «right» da «droit».

1. Ma'anonin kalmar

Ana iya kasa ma'anonin «right» a Ingilishin yau gida shida:

a) miƙaƙƙe ko tsayayye, kamar a «upright» da «right angle», wato kusurwa mai digiri 90;
b) daidai, wanda babu kuskure a cikinsa: «the right answer»;
c) abin da ya dace da adalci da ɗabi'a ta gari: «right and wrong»;
d) haƙƙin da mutum yake da shi a doka: «the right to vote»;
e) ɓangaren dama: «the right hand»;
f) ɓangaren masu ra'ayin riƙau a siyasa: «the Right».

Bayan waɗannan, kalmar takan zo a matsayin bayanau don ƙarfafawa, kamar a «right now», inda Bahaushe zai ce yanzu-yanzu.

Wajibi ne tun farko a bambanta abu biyu. Kalmomin «right», «write» da «rite» furucinsu ɗaya ne, amma asalinsu daban-daban, sautin ne kawai ya haɗu bisa tarihi. Ma'anoni shidan da aka jero kuwa rassa ne na kalma guda. Wannan shi ne abin da Michel Bréal ya raɗa wa suna «polysémie» a littafinsa na ilimin ma'ana na 1897, wato kalma ɗaya ta tara ma'anoni masu dangantaka da juna.

2. Tushe da yaɗuwar ma'ana

Masana tarihin harsuna sun mayar da kalmar ga wata saiwa ta tsohon harshen Indo-Turai da suke rubutawa *reg-, tauraron yana nuna cewa sake gina ta aka yi, ba a same ta a rubuce ba. Ma'anarta ita ce tafiya a miƙe, ko jagorantar wani a kan miƙaƙƙen layi. Daga gare ta Latin ya sami «regere» (mulka), «rectus» (miƙaƙƙe), «regula» (ƙa'ida) da «rex» (sarki). Kalmar «raja» ta Sanskirit, wato sarki, ƴar gidan ce. A harsunan dangin Jamusanci saiwar ta ba da «riht» a Tsohon Ingilishi, «recht» a Jamusanci da harshen Holan, da «rätt» a harshen Suwidin.

Idan aka lura, ma'anar ta tashi ne daga abin da ido ke gani zuwa abin da hankali ke hukuntawa. Layin da ya miƙe shi ne marar karkata, daga nan ya zama magana marar kuskure, sai hali marar zalunci, sai kuma abin da adalci ya ba mutum. Hausa ma ta san wannan hanya, tun da ana cewa miƙaƙƙen mutum, ana kuma cewa alƙali ya karkata.

Ma'anar hannun dama daga baya ta zo. A Tsohon Ingilishi ana kiran hannun dama «swithra», wato wanda ya fi ƙarfi. Sai wajajen ƙarni na 12 ne «right» ta fara karɓe wurin, bisa tunanin cewa shi ne hannun da ya dace a yi aiki da shi. Kusan mutum tara cikin goma da dama suke aiki, kuma al'ummomi da yawa sun ɗora daraja a kan wannan fifiko na jiki, batun da Robert Hertz ya yi nazari a kansa a 1909. Ita kanta «left» daga wata kalma mai nufin rauni ta samo asali.

Ma'anar siyasa ce kaɗai ake iya sa wa shekara. A muhawarar Majalisar Ƙasa ta Faransa a watannin Agusta da Satumba 1789, kan ko sarki zai iya hawa kujerar na ƙi a kan dokoki, magoya bayan ikon sarki sun taru a damar shugaban majalisa, masu adawa kuma a hagunsa. Daga tsarin zaman nan «la droite» da «la gauche» suka zama sunayen ɓangarorin siyasa, sauran harsunan Turai suka fassara su da kalmominsu.

3. Harsunan da suka fito daga Latin

«Droit» ta Faransanci ta fito ne daga «directus» ta Latin, wadda ita ma tana ɗauke da saiwar *reg-. Haka «derecho» ta Sifaniyanci, «direito» ta harshen Fotugal, «diritto» ta Italiyanci da «drept» ta harshen Romaniya. Abin lura shi ne, Latin ɗin kansa bai haɗa waɗannan ma'anoni a kalma ɗaya ba: miƙaƙƙe «rectus» ne, haƙƙi da shari'a «ius», dama kuma «dexter». A cikin harsunan da ya haifa ne «directus» ta mamaye wurin «ius», wadda ta rage a kalmomi irin su «juste» da «justice». A Faransanci ta kuma ture tsohuwar kalmar «destre», har aka koma cewa «la main droite». Italiyanci bai yi wannan mataki na biyu ba: haƙƙi «diritto» ne, amma dama tana nan «destra».

Faransanci ya riƙe ma'anar miƙewa da ƙarfi fiye da Ingilishi. Shi ya sa baƙo kan rikita «tout droit», wato a miƙe sosai, da «à droite», wato a yi dama. Ingilishi ya miƙa yawancin wannan aiki ga «straight». Ta ɗaya gefen, Faransanci ba ya amfani da «droit» wajen ma'anar daidai. Amsa daidai ita ce «la bonne réponse» ko «la réponse juste», lokacin da ya dace kuma «le bon moment». Mutumin da maganarsa ta yi daidai, Bafaranshe yana cewa «il a raison», Basifane «tiene razón», Ba'italiye «ha ragione», duka daga «ratio» ta Latin, wato lissafi ko hankali. Ginin jimlar ma ya sauya: Ingilishi ya yi amfani da sifa, su kuwa da suna da aikatau na mallaka. A nan Hausa ta fi kusa da su, domin cewa take yi yana da gaskiya.

4. Jamusanci, harsunan Silab da sauransu

Jamusanci ya riƙe saiwa ɗaya amma ya bambanta rassan ta hanyar ƙirar kalma: «das Recht» haƙƙi da shari'a, «richtig» daidai, «rechts» dama, «gerecht» mai adalci, sannan «recht haben» ga wanda yake da gaskiya. Miƙaƙƙe kuwa «gerade» ne. Harshen Suwidin yana da «rätt» ga daidai da haƙƙi, amma dama «höger» ce, daga wata tsohuwar kalma mai nufin wanda ya fi sauƙin aiki. Sunan jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ta Norwe, Høyre, daga wannan kalma yake.

Rashanci ya kawo hujja mai muhimmanci. Yana da «pravo» (haƙƙi, shari'a), «pravyj» (na dama, mai gaskiya), «pravil'nyj» (daidai), «pravilo» (ƙa'ida) da «pravda» (gaskiya). Harshen Polan ma yana da «prawo», «prawy» da «prawda». Saiwar prav- ba ta da alaƙa da *reg-, amma ta bi hanya iri ɗaya. Harshen Finlan, wanda ba ya cikin dangin Indo-Turai sam, yana amfani da «oikea» ga dama da daidai, da «oikeus» ga haƙƙi da adalci. Girkancin zamani kuwa ya raba su: «deksia» dama, «sostos» daidai, «dikaioma» haƙƙi.

Wannan kwatanci ya nuna cewa gadon saiwa kaɗai bai isa ya bayyana tsarin ba. Harsuna masu saiwa ɗaya sun rabu, kamar Faransanci da Italiyanci a kan hannun dama, masu saiwoyi daban kuma sun haɗu, kamar Ingilishi da Rashanci da harshen Finlan. Dole a sa wasu dalilai biyu a lissafi: siffantawa da hankalin ɗan Adam ke yi a ko'ina, da kuma daɗewar cuɗanya tsakanin harsunan Turai, inda ake fassara kalma daga wani harshe zuwa wani. Misalin na biyun shi ne «right angle», «angle droit» da «rechter Winkel», waɗanda duka suke bin «angulus rectus» ta Latin.

5. Inda Ingilishi ya ware: haƙƙi da doka

Babban tarko yana fagen shari'a. Yawancin harsunan nahiyar Turai suna da kalmomi biyu: «ius» da «lex» a Latin, «droit» da «loi», «Recht» da «Gesetz», «derecho» da «ley», «pravo» da «zakon». Ta biyun tana nufin doka guda da hukuma ta kafa. Ta farkon tana da fuska biyu: dukan tsarin shari'a, da kuma haƙƙin mutum ɗaya. Domin raba fuskokin ne malaman shari'a ke cewa «droit objectif» da «droit subjectif».

Ingilishi ya yanka filin a wani wuri daban. «Law», wadda ya aro daga harshen mutanen Sikandinebiya na da, ta ɗauki doka guda da tsarin shari'a baki ɗaya, «right» kuma ta tsaya ga haƙƙin mutum. Saboda haka «étudier le droit» shi ne «to study law», «État de droit» kuma ana kwatanta shi da «rule of law». Harsunan biyu sun haɗu ne kawai a fuska ta biyu, kamar a sunan «Bill of Rights» ta Ingila ta 1689, da Sanarwar Faransa ta 26 ga Agusta 1789 kan «droits de l'homme et du citoyen», da Sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 10 ga Disamba 1948. Bugu da ƙari, «droits» tana da ma'anar kuɗin da ake biya, kamar a «droits de douane» da «droits d'inscription», inda Ingilishi ke cewa «duties» da «fees».

Wannan shi ne abin da Ferdinand de Saussure ya kira darajar kalma a darussansa da aka buga a 1916: iyakar ma'anar kalma tana ga maƙwabtanta a cikin harshe ɗaya. «Right» tana da maƙwabciya «law», «droit» kuma maƙwabciyarta «loi», kuma katangar ba a wuri ɗaya take ba.

6. Abin da ya shafi mai fassara zuwa Hausa

Hausa ta ba kusan kowace ma'ana kalmarta: miƙaƙƙe, daidai, gaskiya, adalci, haƙƙi, dama. Ta san darajar dama a na hannun dama, ta kuma san ƙasƙancin hagu a bahaguwar fahimta, amma ba ta haɗa dama da haƙƙi ba. Don haka fassara «the Right» da ƴan dama ba ta isar da komai ga mai sauraro, shi ya sa gidajen rediyo ke cewa masu ra'ayin riƙau ko masu ra'ayin mazan jiya.

Ma'ana ta huɗu ce ta fi buƙatar natsuwa, domin kalmomi biyu ke takara a kanta. Haƙƙi aro ce daga «ḥaqq» ta Larabci, kuma tana duban ɓangare biyu: haƙƙinsa ne na nufin abin da yake bi, haƙƙi ne a kansa na nufin abin da ake bin sa. Daga tushen nan alhaki ta fito. Ingilishi kuwa ya raba «right» da «duty». Ƴanci kuma daga ɗa da ƴa take, wato matsayin wanda ba bawa ba, don haka ta fi kusa da «liberté» da «freedom». Ana jin haƙƙin ɗan Adam da ƴancin ɗan Adam duka biyu, amma ba ko'ina suke musanya ba. Albashin ma'aikaci haƙƙinsa ne, ba a cewa ƴancinsa. Faɗar albarkacin baki kuwa ƴanci ne, domin abin da ake nema a wurin hukuma shi ne ta bar mutum ya yi. Ana iya gwada kowace jimla da tambaya guda: akwai wanda ya wajaba ya bayar da wani abu, ko kuwa akwai wanda ya wajaba ya janye hannunsa? Na farko haƙƙi, na biyu ƴanci.

Kammalawa

An ga cewa «right» da «droit» sun haɗu a haƙƙi, da dama, da siyasa, sun rabu a daidai, da tsarin shari'a, da kuɗin biya. Ƙamus mai harshe biyu yana jera kalmomi ne kawai, jimla ce ke nuna wadda ake nufi. Hanyar da ta fi aminci ita ce a fara tantance reshen ma'anar a harshen asali, sannan a nemi kalmar Hausa da ke ɗauke da shi, ba tare da an ratsa ta harshe na uku ba. Mai son gwaji zai iya ɗaukar «avoir droit à», «être dans son droit» da «le droit coutumier» ya fassara su zuwa Ingilishi da Hausa, sannan ya yi irin wannan aiki da kalmar «free», wadda Faransanci ya raba tsakanin «libre» da «gratuit», Hausa kuma tsakanin ƴanci da kyauta.