Kafin a Tura wa Guruf Ɗin Gida: Shawarwari Kan Labaran Lafiya na Waya

A farkon watan Agustan 2014, mutane da yawa a Najeriya sun farka tsakar dare saboda ƙarar waya. Ɗan'uwa ne ko aboki ke kira: a tashi a yi wanka da ruwan gishiri kafin asuba, a kuma sha, wai shi ne kariya daga Ebola. A lokacin cutar ba ta fi mako uku da shigowa Legas ba. Kafin a ankara an kwantar da mutane a asibiti, aƙalla biyu suka riga mu gidan gaskiya. Ita kanta Ebolar mutum takwas ta kashe a duk ƙasar, a Legas da Fatakwal, ba ta ko leƙo Arewa ba. Waɗanda suka yi ta kiran wayar nan kuwa ba maƙiya ba ne, masoya ne da tsoro ya kama. Ta hannun na gida jita-jita ke shigowa, don haka a gida ya kamata a tare ta.

1. A tambayi wanda ya faɗa, har a kai tushe. "Wani babban likita a Jamus", "wata 'yar'uwarmu da ke aiki a asibiti", "masana sun gano": duk waɗannan ba sunaye ba ne. Labarin gaskiya yakan zo da sunan mai magana, da inda yake aiki, da ranar da ya yi maganar. Mu da muka tashi muna jin malamai na tantance hadisi ta hanyar bin maruwaitansa ɗaya bayan ɗaya, bai kamata wannan ya zama baƙon abu gare mu ba, kuma aya ta 6 a Suratul Hujurat a kan binciken labari ta sauka. Abin mamaki, mutumin da ba zai karɓi hadisi babu isnadi ba, shi ne zai ɗura wa ɗansa jiƙo saboda saƙon muryar da bai san mai ita ba.

2. A kula da kibiya biyu. Idan saƙo ya sha yawo a WhatsApp, akan ga 'yan kibiyoyi biyu a samansa. Tun watan Afrilun 2020 kamfanin ya hana a tura irin wannan saƙo zuwa fiye da wuri ɗaya a lokaci guda, don rage gudun labaran bogi. Sai kuma salon maganar: "ka tura wa mutum goma yanzu-yanzu", "kafin su goge", "abin da ba sa so ku sani". Mai gaggauta ka ba ya so ka yi tunani ne. A bar saƙon ya kwana. Bidiyo ma ya daina zama hujja, domin da ƙirƙirarriyar basira ana iya ɗora murya a bakin sanannen likita ko malami, a sa shi tallar maganin da bai taɓa gani ba. A dubi laɓɓan mai maganar ko suna tafiya da muryar, a kuma duba ko maganar na nan a shafinsa na ainihi.

3. Maganin da ke warkar da komai, a yi kaffa-kaffa da shi. Kwalba ɗaya ta kori ciwon suga da hawan jini da basir da sanyi da rashin haihuwa? Ciniki ne kawai. A watan Maris na 2020, da aka fara yayata cewa kulorokwin na maganin korona, hukumomin lafiya a Legas sun ba da labarin mutanen da aka kai asibiti saboda sun sha ya yi musu yawa. A duba lambar hukumar kula da magunguna ta NAFDAC da ranar lalacewar magani, amma a sani cewa lambar da ke jikin yawancin magungunan gargajiya shaida ce ta cewa an duba ba su da guba, ba tabbacin suna warkar da abin da aka lissafa a kwalin ba ne. Mai shan maganin hawan jini ko na suga kada ya ajiye shi don wani ya ce ya samo na warkewa gaba ɗaya.

Ruwan gishiri na gaskiya ma akwai shi, kuma ya ceci yara masu ɗimbin yawa daga gudawa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Bambancinsa da na daren Ebola shi ne wannan yana da awo, kuma an san aikin da yake yi, wato mayar da ruwan da jiki ya zubar.

4. Kada a yi wa mai shakka dariya. A nan ne 'yan boko suka fi yin ɓarna. Tsoron allura a ƙasar nan yana da tarihi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya haɗa yara kusan 200, goma sha ɗaya suka mutu, iyaye suka ce ba a yi musu cikakken bayani ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009. Saboda haka da maganar cewa ɗigon shan-inna na hana haihuwa ta ɓullo a 2003, ta tarar da zukatan da tuni sun yi rauni. Kano ta dakatar da rigakafin kusan shekara guda, sai a watan Yulin 2004 aka ci gaba, bayan an yi gwaje-gwaje an kuma kawo maganin daga Indonesiya. Sakamakon haka cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan ashirin, yara suka shanye har abada a kan zargin da bai tabbata ba.

Me ya juyo da hankalin jama'a? Ba zagi ba ne, ba kuma dogon Turanci ba. Sarakuna ne da hakimai da masu unguwanni suka shiga gaba, limamai suka yi huɗuba, matan unguwa suka bi gida-gida suna hira da 'yan'uwansu mata a tsakar gida, waɗanda cutar ta naƙasa suka fito a kan kekunansu suna nuna ƙafafunsu. Ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali. Aiki ne na shekara goma sha shida, kuma da fuskokin da aka sani aka yi shi.

To haka za a yi a cikin gida. Idan Baba ya turo saƙon da ba daidai ba, kada a ƙaryata shi a guruf gaban surukai da jikoki. A same shi a keɓe: "Baba, wannan maganar a ina kuka ji ta? Ni ma ta tayar min da hankali, shi ya sa na tambayi ma'aikaciyar asibitinmu, ga abin da ta ce." Dattijon da aka kunyata zai kafe a kan bakansa ko da ya gane gaskiya.

5. Kowane gida ya riƙe ma'aikacin lafiya ɗaya da ya sani. Wadda ake zuwa awo wajenta, ko ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi na unguwa, ko mai kemis da ya yi karatun abin. A ajiye lambarsa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC ma tana da layin kira kyauta, 6232, kuma akwai masu bin diddigin labarai irin su Dubawa da Africa Check. Idan an je rigakafi a buɗe baki a yi tambaya: ta mece ce wannan, me zan gani a jikin yaron daga baya, yaushe zan dawo? Ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu bayan allura abu ne sananne, haka ma ƙurjin allurar BCG da ke barin tabo a damtse. Uwar da aka gaya wa tun farko ba za ta firgita ba. Wadda ba a gaya wa ba, ita ce gobe za ta ce allurar ce ta kwantar mata da yaro, kuma ba laifinta ba ne.

6. Sauya magana ba ƙarya ba ce. Ana yawan cewa likitoci yau su ce kaza, gobe su ce kaza. Iyayenmu da kulorokwin suka yi maganin zazzaɓin cizon sauro, kuma yana aiki a zamaninsa. Ƙwayar cutar ce ta saba da shi ya daina kashe ta, shi ya sa a 2005 Najeriya ta koma haɗin magungunan da ake kira ACT. Wanda ya ce maka ya canza ra'ayi saboda sabuwar hujja ya fi cancantar yarda a kan wanda bai taɓa kuskure ba a bakinsa.

7. Mai ilimin gida ya yi bayani da Hausar da Kaka za ta gane. "Kashi goma cikin ɗari" ba ya shiga kunne kamar "yaro ɗaya cikin goma". Abin da bai sani ba ya ce zai tambayo, kuma ya tambayo ɗin.

8. A fito da katin rigakafin yara a duba. Annobar mashaƙo da ta tsananta a 2023 ta fi ɓarna a Kano, kuma yawancin waɗanda ta kama yara ne da ba a yi wa allurar ba ko ba a kammala musu ba. Allurar da ke kare ta sau uku ake yi: mako shida, mako goma, mako goma sha huɗu. Ta ƙyanda a wata tara, ta biyu a wata goma sha biyar. Kyauta ake yin su a asibitocin gwamnati. Idan an tsallake wata, ba sai an sake daga farko ba, a kai yaron da katinsa a ɗora daga inda aka tsaya.