Miji a Legas, mata a Gafasa: yaya ake riƙe wutar aure?



'Yan'uwa, an gama girbi, gero da dawa sun shiga rumbu. Duk wanda ya san ƙasar Gaya da Ajingi ya san abin da ke biyo baya: sahun masallaci zai fara raguwa. Wannan ya tafi Legas dako a kasuwar Mile 12, wancan ya bi tirelar shanu daga Wudil zuwa kudu, wani Abuja aikin gini, wani Fatakwal. Wasu ma sun ƙetare, Libiya ko Saudiyya. A da, cirani yana da lokaci: a tafi bayan kaka, a dawo da ruwan fari. Yau sai mutum ya shekara biyu, uku, ɗan da ya bari a goye har ya fara zuwa makarantar allo bai san fuskar ubansa ba.

Neman halal ibada ne, ba na hana kowa fita. Amma a yawancin shari'un ma'aurata da ake kawo mini, idan na bi diddigi, sai in tarar nisan hanya bai yi ɓarnar da abu biyu suka yi ba: shiru, da tafiya ba wa'adi. A kan su darasinmu zai tsaya.

SHARI'A TA SAN DA KEWA

Wasu suna ɗauka kewar iyali rauni ne. To ku saurara. Malik bn Huwairis (RA) ya zo Madina tare da wasu samari tsararsa, suka zauna wajen Manzon Allah (SAW) kwana 20 suna karatu. Da ya lura sun yi kewar iyalansu, sai ya umarce su su koma gida, su zauna cikinsu, su karantar da su. Bukhari da Muslim ne suka ruwaito. Ka duba fa: zama gaban Annabi ake yi, amma aka ce a koma gida. Ina ga zama a ƙarƙashin gada a Legas?

Haka hadisin Abu Huraira (RA) ya siffanta tafiya da wani yanki na azaba, ya ce idan mutum ya biya buƙatarsa ya gaggauta komawa ga iyalinsa.

Sayyidina Umar (RA) kuwa, yana zagayen dare a Madina, ya ji wata mata tana koken kaɗaici, mijinta ya tafi yaƙi. Bai ce mata ta cika rashin kunya ba. Ya je ya tambayi 'yarsa Hafsa (RA) tsawon lokacin da mace za ta iya haƙurin rashin miji. Ruwayoyi sun zo da wata 4, sun zo da wata 6, daga nan ya iyakance wa mayaƙa lokaci. Imamu Ahmad ya riƙi wata 6. Kuma a Suratul Baƙara aya ta 226, wanda ya rantse zai ƙaurace wa matarsa wata 4 kawai aka ba shi. Idan mai jihadi an yanka masa wa'adi, kai mai sayar da rake wa ya ɗauke maka?

NASIHA GA MAIGIDA

1. Ka yanka wa'adi, ka faɗa mata da bakinka. "Zan dawo kafin azumi", ko "da ruwan fari ina gida". Mace tana iya haƙuri mai tsawo idan ta san ranar da take ƙirgawa. "Sai Allah Ya yi" ba wa'adi ba ne. Idan uzuri ya gifta, ka kira ka yi bayani, ka nemi yardarta, domin haƙƙinta ne. Idan kuma zaman ya zama na dindindin kuma kana da hali, ka ɗauke ta. Manzon Allah (SAW) yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya, ya tafi da wadda ƙuri'a ta faɗa wa.

2. Kuɗi ba sa magana. Wani yana ganin da ya tura ta Opay, mai POS ya ba da, to ya sauke nauyi. Ciyarwa wajibi ce, amma Allah a Suratur Rum aya ta 21 ya ambaci natsuwa da ƙauna da jinƙai a matsayin abin da ya sanya tsakanin ma'aurata. Waɗannan mai POS ba ya ba da su. Ka ware lokaci sananne, ko da minti 5 ne bayan Isha'i. Kada kiran ya tsaya a "Ya yara? Akuya ta haihu? Masara ta ƙare?" Ka tambaye ta ita kanta: ya jikinta, me ke damunta. Ka ba ta labarin yininka. Ka ce mata ka yi kewarta. Wallahi bakinka ba zai karye ba.

3. Ta mallaki wayarta. Wannan matsala ce babba a gidajenmu na gandu. Miji ya kira wayar ƙaninsa, a saka a amsa-kuwwa a tsakar gida, ga Inna zaune, ga facaloli. Me za ta iya cewa banda "lafiya lau"? Kunya ta ɗaure ta. Sai ya ajiye waya yana cewa ta canza. Ƙaramar waya ta ishe ta.

4. Kasonta ya shiga hannunta. Ka kyautata wa mahaifiyarka iyakar iyawarka, wannan wajibi ne. Amma haƙƙin uwa daban, haƙƙin mata daban. Kada matarka ta zama sai ta roƙi yayanka kuɗin sabulu. Mai mata biyu kuma ya ji tsoron Allah a aike, ya kuma daidaita a kira gwargwadon iko, don a gida ɗaya suke, kowacce tana jin ƙarar wayar 'yar'uwarta.

5. Ka tsare idonka. Garin da ba a san ka ba, Allah Ya san ka. Ka yawaita azumin nafila, ka nemi masallaci da abokan kirki a zango. Yadda kake so a tsare maka gida, kai ma ka tsare kanka.

6. Kada ka yanke hukunci a kan "an ce". Wani ya kira ka ya ce an ga matarka a wuri kaza, kai kuma cikin zafin rana da gajiya ka furta saki. Ka sani, sakin waya saki ne. Suratul Hujurat aya ta 6 ta umarce mu da bincike kafin ɗaukar labari.

NASIHA GA UWARGIDA

'Yar'uwa, Allah Ya san haƙurinki, kuma Suratun Nisa'i aya ta 34 ta yabi mata masu tsare amanar miji a bayan idonsa. Mutumin nan wataƙila a kan kwali ya kwana. Idan ya kira, kada kalmar farko ta zama "gishiri ya ƙare". Ki gaishe shi, ki yi masa sannu, ki yi masa addu'a yana ji, sannan buƙata ta biyo. Ki riƙa ba yara wayar su ji muryar babansu, kada ki bari su san shi da kuɗi kaɗai.

Magana mai daɗi tsakanin miji da mata halal ce, ta murya ko ta bidiyo. Amma ina gargaɗi a kan tura hotunan tsiraici. Wayar nan tana kwana a shagon mai caji, tana zuwa wajen mai gyara, yara suna wasa da ita. Abin da ya fita ba ya dawowa.

GA MU DA MUKA RAGE A GARI

Muslim ya ruwaito daga Buraida (RA) cewa alfarmar matan mayaƙa a kan waɗanda suka zauna a gida kamar alfarmar iyayensu mata ce. Darasin ya shafe mu. Matar maƙwabcinka da ya yi tafiya amana ce. Taimako ya bi ta hannun matarka ko mahaifiyarka, ba ta saƙon WhatsApp da tsakar dare ba. Ƙanin miji ma Annabi (SAW) ya yi kashedi mai tsanani a kan kaɗaitarsa da matar ɗan'uwansa. Masu kai gulma ta waya kuma, ku ji tsoron Allah, gida kuke rushewa.

IDAN ABIN YA KAI GA CUTARWA

Malamanmu na Malikiyya sun ba matar da mijinta ya daɗe ba ya nan, kimanin shekara ko fiye, kuma take cutuwa, damar kai ƙara gaban alƙali ko da yana aiko da abinci. Alƙali zai aika masa: ko ya dawo, ko ya ɗauke ta, ko ya sawwaƙe mata. Wanda ya ɓace babu labarinsa kuwa hukuncinsa daban ne: ana jiran shekara 4 daga lokacin da alƙali ya gama bincike, sannan ta yi takaba. Ban kawo wannan don in zuga kowa ba. A fara da waliyyai da limami da mai unguwa. Na kawo ne don maza su san Musulunci bai yarda a rataye 'yar mutane ba, ita ba mai aure ba, ita ba bazawara ba.

RANAR DAWOWA

Hadisin Jabir (RA) ya hana wanda ya daɗe a tafiya ya faɗo wa iyalinsa da dare ba sanarwa, domin mace ta sami damar gyara kanta, kuma kada ya zama kamar mai neman kama ta da laifi. Yau ga waya a aljihunka. Kana isowa Wudil ko Gaya ka kira. Ka riƙo mata tsarabarta ita kaɗai, ko da turmin atamfa ɗaya ne. Kuma kada ka ajiye jaka ka wuce majalisa har ƙarfe 12 na dare.

Iyayenmu mata sun san yadda ake rufe garwashi da toka ya kwana da rai, da safe a hura ya kama. Amma babu garwashin da ke shekara a toka. Ɗan'uwa da ke karanta wannan a Agege ko a Mararaba, kafin ka kwanta yau ka kira gida, ka faɗi ranar dawowa.

Allah Ya tsare matafiyanmu, Ya ba su halal mai albarka, Ya dawo da su lafiya, Ya ba iyalansu haƙuri da ladan haƙuri. Allah ne Mafi sani.