Daga Gona Sai Gida: Anya Ban Tauye Iyalina Ba?

Tambaya: Ni manomi ne a Kiru, ina da mata da yara ƙanana uku. Ina gani a waya mutane suna kai iyalinsu shaƙatawa birnin Kano, ni kuwa daga gona sai gida. Anya ban tauye su ba?

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, ba ka tauye su ba. Yaro ɗan shekara huɗu bai san Kano ba, ƙarar babur ɗin babansa da yamma ita yake jira. To in ka shigo, ajiye wayar nan. Shimfiɗa tabarma bayan magariba, ku ci tuwo tare, ka bar ƙaramin ya hau bayanka, babban ya ba ka labarin makarantar allo ko da ya maimaita sau biyar. Da kaka ka tafi da shi gona ya tsinci gyaɗa.

Uwar yaran fa, ita ce ta fi damuna. Karɓar mata goyon ta huta, ku yi hira bayan isha'i.

In kana son fita, madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974, zamanin Audu Bako, tana nan maƙwabtanku Bebeji. Kai su ranar yawon sallah su ga masunta da kwalekwale, amma ka riƙe hannunsu sosai a bakin ruwa.