Kafin Ka Fasa Bango: Shawarwari Ga Mai Son Rage Ɗakunan Gidansa

Duk wanda ya taɓa bin dillali duba gida ya san tambayar da mai saye ke fara jefowa: "Ɗaki nawa ne?" Sai an amsa wannan ake shiga maganar ruwa da wuta da takardu. Tayil da silin da fenti kuwa sai an shiga ciki ake ganinsu, kuma wanda amsar farko ba ta gamsar da shi ba, ko takalminsa ba zai tuɓe a ƙofa ba.

Ga shi yanzu yayin faɗaɗawa ake yi. Wannan ya haɗe ɗaki biyu ya fitar da ƙaton ɗakin da ake kira masta, da banɗakinsa a ciki. Wancan ya cinye ɗakin yara don falo ya ɗauki kujeru saiti biyu. Wata kuma ta mayar da ɗakin baƙi kicin na zamani. Gidan mutum nasa ne, ba mai hana shi. Amma ga mafi yawanmu gida shi ne babbar ajiya, shi ake ɗagawa ranar da babbar buƙata ta taso, ko ranar da magada suka zauna. Saboda haka ga abubuwan da ya kamata a auna kafin a kira magini.

1. Tambayi kanka zama ka zo yi ko wucewa. Idan a nan kake sa ran tsufa, jin daɗin shekara ashirin ya fi ƙarfin ɗan abin da za a rage maka ranar sayarwa. Idan kuwa ma'aikaci ne kai da za a iya yi wa canjin wurin aiki baɗi, ko kana da fili a wani wuri da kake shirin komawa, bar ɗakunan yadda suke.

2. Duba daga nawa za ka koma nawa. Nan ne kan maganar take, kuma nan mutane suka fi yin kuskure, don suna ɗaukar ɗaki ɗaya a matsayin ɗaki ɗaya ko'ina. Ba haka ba ne. Gida mai ɗaki shida da ya koma biyar bai rasa mai saye ko guda ba. Wanda ke neman babban gida zai ma yi murna da faɗin. Daga biyar zuwa huɗu ma da sauƙi. Amma daga uku zuwa biyu, gidan ya bar layin masu iyali ya koma layin angwaye, kuma masu iyali su ne suka fi yawa a kasuwa, su ne kuma suka fi zuwa da kuɗi a hannu. Daga biyu zuwa ɗaya kuwa, ciki da falo ka mayar da gidanka, ko da falon ya kai filin ƙwallo.

Yi lissafin gidan Bahaushe ka gani. Uwargida na da ɗakinta. Maigida sau da yawa ba ya rasa turakarsa. Yara idan suka kai shekara goma addini ya koyar a raba musu makwanci, ke nan maza ɗaki, mata ɗaki. An kai huɗu, ba a zo kan baƙo daga ƙauye ba, ba a zo kan gyatuma da za a ɗauko idan ƙarfinta ya ƙare ba, ba a zo kan 'yar da za ta dawo wankan jego ba. Mai mata biyu kuwa, ko wanda yake da niyya a ransa bai faɗa wa kowa ba, ƙofofi yake ƙirgawa tun daga tsakar gida, yana kuma duba ko ɗakunan sun yi daidai da juna, don ya san rigimar da ke biyo baya idan na wata ya fi na wata. Ƙaton ɗaki guda kusa da ɗan tsukukun ɗaki ba ya burge irin wannan mai saye, tsoro ma yake ba shi.

Haka ma a shafukan tallar gidaje na intanet, da yawan ɗaki ake tace gidaje. Idan naka ya koma biyu, mai neman ɗaki uku ba zai ma ga hoton gidanka ba, balle ya yaba kyan kicin ɗin.

3. San abin da ake saya a unguwarku: fili ko gini. A tsoffin unguwannin GRA, irin Nasarawa a Kano ko Unguwar Rimi a Kaduna, sau da yawa mai saye faɗin filin yake biya. Tsohon ginin rushe shi zai yi ya jera benaye, don haka ko ɗaki uku ne ko huɗu bai dame shi ba. A irin wannan wuri rage ɗaki ba ya rage farashi sosai, amma kuma duk abin da ka kashe a gyaran ya tafi a tarkace. A rukunin gidaje iri ɗaya kuwa, kamar Kundila a Kano ko Gwarimpa a Abuja, labarin daban ne. Kowa ya san gidajen wane layi ɗaki nawa ne, kuma da na maƙwabcinka za a auna naka. Idan duk layin ɗaki uku ne naka ya zama biyu, kai ne za ka yi ta bayani, mai bayani a ciniki kuwa shi ke sassautowa. Dubi gidajen Shagari da aka gina a jihohi tsakanin 1979 da 1983: abin da mazaunansu suka yi ta yi tsawon shekaru shi ne ƙara ɗaki a baya da gefe. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka inda buƙatar jama'a ta karkata.

4. Idan gidan haya ne, ɗauki biro da takarda. Mai sayen gidan haya kuɗin shekara yake lissafawa, ya ga shekara nawa zai yi kafin uwar kuɗinsa ta dawo. Ɗaki shida da suka koma biyar sun zubar da kashi ɗaya cikin shida na haya, sai fa idan gyaran ya ɗaga kuɗin sauran. Wani lokaci yana ɗagawa. A unguwannin ɗalibai, irin Samaru kusa da Jami'ar Ahmadu Bello ko kewayen Jami'ar Bayero, ɗaki mai banɗaki da ɗan kicin a ciki ya fi ɗakin da ake layin banɗaki tsada, ya kuma fi saurin samun mai kamawa. Don haka mayar da ɗaki uku su zama biyu masu komai a ciki na iya zama riba. Amma ka tambayi kuɗin hayar iri biyun a layinku, ka haɗa ka ga wanne ya rinjaya, ka kuma sa kuɗin sabon sokawe da famfo a lissafin. Kada ka yi don ka ga wani ya yi.

5. Auna abin da za ka samu a madadin ɗakin. Ba duk musaya ce asara ba. Gida mai ɗaki huɗu da banɗaki ɗaya a tsakar gida, idan aka sadaukar da ƙaramin ɗaki aka fitar da banɗaki biyu, a ganina ya ƙara daraja, don yau ko amarya ba ta yarda da fita da buta cikin dare. Haka ɗakin da dama sunan ɗaki kawai yake da shi, ba taga, katifa ɗaya ta cika shi. Mai saye sito zai kira shi ko ka bar shi. Amma fasa lafiyayyen ɗaki don a yi wurin jera kaya da takalma, ko don a ƙara faɗin falon da sai da salla yake cika, wannan sha'awarka ce, kuma ba a sayar da sha'awa. Ka kuma cire rai cewa abin da ka kashe zai dawo cif. A farkon 2024 buhun siminti ya haye N10,000 a wurare da yawa, rodi da tayil suka bi sahu, amma mai saye bai taɓa tambayar rasit ba. Abin da aka sayar da gidan kusa da kai shi yake riƙewa.

6. Kada magini ya yanke hukuncin bangon da za a fasa. Akwai bangon da raba ɗaki kawai yake yi, akwai wanda yake ɗauke da nauyin rufi ko benen sama. An saba gina na waje da masu ɗaukar nauyi da bulo inci tara, na rabawa da inci shida, amma kada ka dogara da wannan, domin gidaje da yawa an gina su da inci shida daga farko har ƙarshe don tsimin kuɗi, katakon rufi kuma yana zaune a kan duk bangon da kafinta ya samu. A gidan bene abin ya fi haɗari: bangon ƙasa na iya zama shi ke riƙe da na sama. Kira injiniyan gini mai rajista da COREN ya duba, idan da buƙatar bim ko ginshiƙi ya zana maka girman rodin da za a sa. Kuɗinsa bai kai na gyaran silin da ya lotsa ba.

Gidan ƙasa mai rufin azara kuwa ya fi kowanne rashin yafiya. Azara, wadda ake tsagowa daga giginya, ba ta ƙetare wuri mai faɗi ita kaɗai, shi ya sa ɗakunan cikin birni suke ƙanana, shi ya sa kuma magina na da suke ɗaura bakan gizo idan za su yi babban soro. Cire bangon tsakiya a irin wannan gini, damina ɗaya ta isa rufin ya sunkuya. Tsaga a bango ko rufin da ya sunkuya yana karya farashi fiye da rashin ɗaki, don mai saye zai ɗauka duk gidan haka yake.

7. Yi gyaran da za a iya warwarewa. Wannan ita ce dabarar da ta fi kowacce araha. Maimakon ka rushe bango gaba ɗaya, buɗe faffaɗar ƙofa a tsakiya ka bar gefe da gefe da linta a sama. Kada ka toshe tsohuwar ƙofar ɗakin da bulo; kulle ta ka jingina mata wadirob. Bar kowane ɓangare da tagarsa, da makunnin fitilarsa, da soket ɗinsa, da wurin fankarsa a silin. Ranar da za ka sayar, bulo kaɗan da filasta da fenti sun dawo maka da ɗakinka cikin 'yan kwanaki. Ko ba ka mayar ba, dillali zai iya nuna wa mai saye da hannu ya ce: "Alhaji, nan ɗaki biyu ne, ga ƙofar ɗayan nan." Wahalar mayarwa tana zuwa ne idan an shigo da bututun ruwa an fasa daɓe an yi kicin ko banɗaki. Ɗauki hotunan gidan kafin a fara aiki da lokacin da bangon yake buɗe, inda wayoyi da bututu suka bi, ka adana tare da takardun gida.

8. Gyara takarda tare da gini. Idan gidanka yana da zanen da hukuma ta amince da shi, babban sauyi yana buƙatar izini: KNUPDA a Kano, KASUPDA a Kaduna, sashen kula da tsarin gine-gine a Abuja. Da yawa ba sa nema, ana kuma zaune lafiya har ranar da aka samu mai saye da lauya. Shi zai buɗe zane ya ga ɗaki huɗu, ya zaga gida ya ƙirga uku, daga nan ciniki ya fara tsami. Wanda zai saya da lamunin banki, misali ma'aikacin da ke zuba kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsa a asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992, dole sai ƙwararren mai kimanta gidaje ya rubuta rahoto a kan gidan, kuma abin da ya gani da idonsa zai rubuta. Idan kai ma ba ka gama biyan bashin gidan ba, ko gidan hukuma ne da ake cire maka a albashi, karanta yarjejeniyar kafin ka taɓa bango. Ɗan haya kuwa ba sai an faɗa ba, ko da mai gida ya ce "yi abinka" da baki, a sa a rubuce.

9. Tuna ranar rabon gado. Ba a son zancen, amma gidaje da yawa a nan ake fara yi musu kuɗi. Gida mai ɗakuna da dama yana ba magada hanyar zama: a ƙiyasta shi, wannan ya ɗauki ɗaki biyu, wannan ɗaya, uwarsu ta zauna a nata, wanda rabonsa ya haura ya cika wa 'yan'uwa da kuɗi. Gidan da aka mayar ƙaton falo da ɗaki biyu ba ya rabuwa tsakanin mutum takwas, sai dai a sayar, kuma sayarwar da kowa a unguwa ya san ta dole ce ba ta kawo farashi mai kyau. Idan kuma gidan ma na gado ne da ba a raba ba, kai kake zaune a ciki kawai, ba ka da hurumin rage ɗaki sai da yardar sauran. Uwargida ma a ji ta bakinta tun kafin a sayo siminti. Ita ta san inda baƙi ke kwana idan ana biki, ita kuma za ta rasa inda za ta sa 'yammata idan sun tasa.

10. Tambayi kasuwa kafin guduma ta sauka. Kira dillalai biyu ko uku na unguwarku, kowa daban, ka yi musu tambaya guda: nawa gidan zai yi yadda yake, nawa zai yi idan ɗaki ɗaya ya fita? Dillali la'adarsa yake hange, yana iya zuga farashi don ka ba shi gidan, shi ya sa ba a tsayawa kan bakin mutum ɗaya. Idan gidan mai tsada ne, biya mai kimantawa da ke da rajista da ESVARBON ya ba ka a rubuce. Sannan ka leƙa bayan gida da gefen zaure. Sau da yawa akwai wurin da za a fitar da shago ga samari ko ɗan boskwata, ka faɗaɗa ɗakinka a ciki, ka mayar da wanda ka cinye a waje, adadin ya tsaya yadda yake. Sai dai kada ƙarin ya haɗiye tsakar gida gaba ɗaya, don mai saye da iyali zai nemi wurin shanya da wurin girkin taro, kuma a tabbatar sabon bangon bai toshe tagar wani ɗaki ko hanyar da ruwan sama ke fita ba.