Wane Fetur Ya Dace da A-kori-kura?

Malam mai tambaya daga Flatbush, lambobin 87, 89 da 93 da ke jikin famfon gidan mai ba ƙarfin fetur suke nunawa ba, juriyarsa ce ga fashewa da kansa idan inji ya matse shi. In littafin motarka 87 kawai ya ce, ƙarin kuɗin sayen 89 ko 93 asara ne. Za ka ce ai kwamfutar mota na gyara komai. Gaskiya tana jinkirta tartsatsin filogi da ta ji ƙwanƙwasar wannan fashewa, amma ƙarfin inji na raguwa. Shi ya sa Ford ke ba da shawarar 91 ga a-kori-kurarta F-150 yayin jan kaya masu nauyi. Injin da makanike ya matso da tayimin ɗinsa gaba kuwa, kada ka ba shi 87.