Hausar Rukuni: Harshen Makanikai a Aikin Ƙafar Mota

1.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an bayyana cewa Hausar rukuni ita ce irin Hausar da wasu jama'a suka keɓanta da ita saboda sana'a, ko shekaru, ko jinsi, ko wani abin da ya haɗa su. A nan za a ɗauki sana'ar kanikanci, kuma ba dukkanta ba, sai sashe guda, wato aikin sifirin da shokazoba, wanda makanikai da direbobi kan kira aikin ƙafa. Dalilin zaɓen kuwa shi ne, mafi yawan ɗaliban da ke karanta wannan littafi za su koyar ne a karkara, a wurare irin su Bichi da Dambatta da Tsanyawa da Kunci da Makoɗa. Wannan yanki ne da gona ke manne da gona, ƙauye na hango ƙauye, har ma masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazari a kan cunkoson ƙasar Kano a shekarun 1960. Amfanin gonar da ake nomawa a nan, daga gero da dawa zuwa gyaɗa da wake, a bayan mota yake isa kasuwar Dawanau. Saboda haka yaron da malami zai tarar a aji ya san sifirin tun kafin ya san ma'anar aikatau.

2.0 Abin da ake nufi da ƙafar mota

Gangar jikin mota ba a kan taya take zaune kai tsaye ba. Akwai sifirin a tsakani, shi ne yake ɗauke da nauyi, ya lanƙwasa idan an faɗa rami, sannan ya miƙe. Iri biyu aka fi gani. Akwai na ƙarfe murɗaɗɗe mai kama da gammo da aka ja sama, wanda ake samu a ƙananan motoci. Akwai kuma na falle-falle, wato dogayen ƙarafa da aka jera wani a kan wani aka ɗaure, kamar na bayan akori-kura da manyan motoci. Sai dai sifirin shi kaɗai ba ya iya tsayar da kansa: in ya fara tsalle sai ya yi ta yi. Aikin shokazoba ke nan. Bututu ce mai mai a ciki, ana tilasta wa man bi ta ƙananan kafofi, sai tsallen ya mutu da wuri, taya ta ci gaba da riƙe ƙasa.

A ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai samarin da kan cire sifirin ɗin da mota ta zo da shi su sa gajere mai tauri, tare da shokazobar da ta dace da shi, domin motar ta yi ƙasa da santimita 3 ko 4. Da yawansu a gida suke yin aikin da hannunsu. Suna neman kyan gani, da kuma rage tangaɗin mota a kwana. A birnin Los Anjelis, 'yan asalin Meziko sun mai da abin al'ada tun shekarun 1940, har jihar Kalifoniya ta kafa dokar hana shi a 1958, ba a kuma janye ta ba sai a farkon 2024. A ƙasar Kano ta arewa kuwa buƙatar akasin haka ce. Motar da za ta bi burji da yashi, ta tsallake rafi da damina, ta shiga gona a ɗora mata buhuna, ɗaga ta ake yi. In ƙaramar mota ce da aka shigo da ita daga Turai, sai a sa mata roba mai kauri ko zoben ƙarfe a kan sifirin. In kuwa irin Peugeot 504 mai buɗaɗɗen baya ce, wadda a da aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, sai a je Ƙofar Ruwa a sayo falle ɗaya ko biyu a ƙara mata. Hannun da ke sauke mota da wanda ke ɗaga ta aiki iri ɗaya suke yi, kalmomin da ake buƙata ma ɗaya ne.

3.0 Sunaye na aro

Abu na farko da mai nazari zai lura da shi shi ne, kusan duk sunayen kayan aikin daga Ingilishi aka aro su, amma ba wanda ya shigo ba tare da an yi masa gyaran fuska ba. Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da baƙi. Ba a fara gaɓa da baƙaƙe biyu a jere, balle uku. Kalmar Ingilishi spring kuwa gaɓa ɗaya ce mai baƙaƙe uku a goshi. Da Bahaushe ya karɓe ta sai ya saƙala wasalin i a tsakaninsu, ya musanya p da f tun da a Hausa ba su bambanta ma'ana, ta zama gaɓa uku: si-fi-rin. Ƙarshen kalmar bai ba shi wahala ba, domin n ɗin ƙarshen kalma a Hausa, kamar a can da nan, da ma ta hanɗa ake furta shi, daidai da na asalin. Wannan hanya ce ta samar da sifana da birki da giris da kuloci da fulogi.

Shokazoba ta fi ban sha'awa. Kalmomi biyu ne a Ingilishi, aka narka su suka zama ɗaya, aka zubar da baƙin da ya yi cunkoso a tsakiya, aka rufe ta da wasalin a. Wasu kan ce shakazoba, wasu kuma su gutsure ta su ce shok. Wasalin nan na ƙarshe shi ya yanke mata jinsi. Kalmar da ta ƙare da a takan zama mace, shi ya sa ake cewa shokazoba ta mutu, taya ta fashe, sifana ta ɓata, amma sifirin ya karye, jak ya zame, birki ya ƙi. Direba ne ya tsira daga wannan doka, saboda jinsin mutum ya rinjayi siffar kalma. Haka nan a jam'i: taya ta ba da tayoyi, mota ta ba da motoci, inda t ya koma c a gaban i ta hanyar ganɗantawa, tamkar yadda ake samu a kalmomin gado.

Shi kansa mai sana'ar bai kuɓuta ba. Ana cewa makanike, ana kuma cewa bakanike. Waɗanda suka ce bakanike sun ɗauki gaɓar farko a matsayin ɗafa-goshin nan na Bakano da Bakatsine. Da aka ɗauke ta haka kuma sai aka iya cire ta, aka sami kanikawa da kanikanci, kalmomin da ba su da takwara a harshen da aka yi aron.

4.0 Aikatau na gida

Idan sunaye baƙi ne, aikatau 'yan gida ne, kuma a nan ne malami ya kamata ya fi tsayawa. A dubi wannan bayani na yadda ake canja sifirin da shokazobar gaba:

Ana ajiye mota a ƙasa mai tauri wadda ba gangare, a tokare tayoyin baya da dutse. Sai a sassauta notocin taya tun tana ƙasa, sannan a ɗaga da jak. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita; sai an tallafe ta da ƙarfen tokari ko gungume mai ƙwari, ba bulo ba, domin bulo kan ruguje ba sanarwa. A cire taya, a saki tiyon birki daga jikin shokazoba, a kwance notocin ƙasa da na sama, a zaro ta tare da sifirin. Kafin a taɓa notin tsakiya dole a matse sifirin da abin matsa shi, domin a danne yake, in ya ƙwace yana iya fasa kai. A sa sabo, a mayar da komai, a yi wa ɗaya ɓangaren haka, don ba a canja ƙafa ɗaya a bar ɗaya. Bayan an sauke motar a sake bin notoci a ɗaure, sannan a kai ta a daidaita tayoyin, in ba haka ba za su cinye ta gefe guda.

A cikin wannan sakin layi, in ban da canja, babu aikatau ko ɗaya na aro: tokare, sassauta, ɗaga, tallafe, kwance, zaro, matse, ɗaure. Waɗannan su ne kalmomin da manomi ke amfani da su a kan jaki da mangala da amalanke. A lura kuma da yadda tsarin giredin aikatau, wanda F. W. Parsons ya fito da shi a 1960, yake rarrabe ma'ana. Ɗaura daban, ɗaure daban, ɗauru daban. Yaron gareji da aka ce masa ya ɗaure noti, ya dawo ya ce ya ɗauru, ya faɗi abin da Ingilishi zai buƙaci jimla guda kafin ya faɗa. Haka sauka da sauke da saukar da sauko. Ga kuma aron siffar mai rai: mota tana da ƙafa da ciki da hanci, tana zaunawa in kaya ya yi mata yawa, tana durƙusawa in sifirin ya karye.

Akwai masu ganin cewa ya kamata a kori sifirin da shokazoba daga aji a ƙirƙiro musu sunaye na Hausa tsantsa. Wannan ra'ayi ba shi da ƙarfi. Kalmar da ta bi dokar gaɓa, ta karɓi jinsi, kowa kuma ya san ta, ta riga ta zama Hausa. Inda ake da giɓi na gaske shi ne wajen bayanin dalili. Direba ya san ƙara falle yana hana mota zaunawa. Abin da ba a cika faɗa masa da harshensa ba shi ne, motar da aka ƙera don ɗaukar kimanin tan ɗaya, wato buhu 10 masu kilo 100, ba ta sami sabon birki ko sabuwar taya ba don an ƙara mata ƙarfe biyu. Nauyin kuma ya ƙara yin sama, ga fasinjoji a kan buhuna, saboda haka kifewa a kwana ta fi sauƙi. Duk wannan ana iya faɗarsa da Hausa mai sauƙi, kuma ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare zai iya rubuta shi in an koya masa jeranta bayani.

5.0 Jinga

Ɗalibi ya ziyarci garejin da ya fi kusa da shi, ya nemi izinin maigidan wurin, ya tattaro sunaye 20 da aikatau 20 da ake amfani da su a aikin ƙafa. Ya rarraba sunayen gaɓa-gaɓa, ya nuna jinsin kowanne da dalilinsa. Daga nan ya tsara darasin minti 40 a kan rubutun bayani ga 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare, mai taken yadda ake canja tayar amalanke ko ta babur.