Yadda Ake Awon Gudun Ruwa

Bara, sa'ad da aka tura ni koyon aikin malanta a wata makarantar firamare a Mairi, wani yaro ɗan aji shida ya yi mini tambayar da ta tsaya mini a rai. Ya ce, "Malam, ashe babu wanda ya iya sanin yawan ruwan da ke zuwa tun bai iso ba?" Na san abin da ya sa ya tambaya. A watan Satumba 1994 ba a haife shi ba, amma ran Talata, 10 ga Satumba 2024 yana da wayo, ranar da madatsar Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya shiga Gwange da Kasuwar Monday da fadar Shehu. A nan zan bayyana wa 'yan'uwana amsar da na samo masa, ko ta yi wa wani amfani a ajinsa.

Hanya biyu masana ke bi wajen binciken tafiyar ruwa. Ta fari ita ce ta lissafi zalla. Wani Bafaranshe, Navier, a 1822, da wani malami a Ingila, Stokes, a 1845, sun tsara ƙa'idar da ruwa da iska ke bi in suna gudu. Ƙa'idar daidai take, amma warware ta ga kogi irin namu, mai yashi da ciyawa da kwana-kwana, aiki ne mai wuyar gaske. Ta biyu kuwa ita ce a je a auna, a rubuta, a yi ta tarawa har awon ya nuna halin ruwan da kansa. Wannan tsohuwar dabara ce, gama a shekara ta 861 aka gina ma'aunin kogin Nilu a tsibirin Rauda na Alƙahira, ginshiƙi mai zane-zane a cikin rijiya, ana duba inda ruwa ya kai kowace shekara.

To, mu ta biyun muka gwada, ba a kogi ba, a wani lambatu marar zurfi bayan an ɗauke ruwan sama. (Kada malami ya kuskura ya kai yara bakin Ngadda da damina.) Kayan aikinmu igiya, da sanda mai alamu, da agogo, da lemo guda. Lemo ya fi kara kyau, domin yana nutsewa rabi, iska ba ta kora shi.

Ga yadda lissafin yake, da misali mai sauƙi. A ce faɗin rafi mita 10 ne. A tsoma sanda wuri biyar daga wannan gaɓa zuwa waccan, a haɗa zurfin a raba biyar. A ce an sami rabin mita. Faɗi sau zurfi ya ba da murabba'in mita 5. Sa'an nan a auna mita 20 a gefen rafin, a saki lemo daga sama. In ya ci daƙiƙa 40, gudunsa rabin mita ke nan kowace daƙiƙa. Amma ruwan sama-sama ya fi na ƙasa sauri, don na ƙasa yana guga da yashi, saboda haka akan ɗauki kashi 8 cikin 10 na gudun lemon, watau 0.4. Biyar sau 0.4 ya zama 2. Ma'ana, lita 2,000 ke wucewa kowace daƙiƙa.

Yaran sun saki lemon sau shida, sau shidan kuwa lokaci bai zo ɗaya ba. Nan gardama ta tashi, kowa na cewa mai agogo ne ya yi kuskure. Ni ma da fari haka na zata. Ashe ba laifinsa ba ne. Ruwa mai sauri ba ya tafiya miƙe, jujjuyawa yake yi, kamar yadda Osborne Reynolds ya nuna da ɗigon rini cikin bututun gilashi a Manchester a 1883. Maganinsa a yawaita awo a ɗauki matsakaici. A ganina wannan gardamar ta fi lissafin kansa amfani gare su.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne wannan. In an yi awo kwana da kwanaki, kowane awo a ɗiga shi a takardar zane, tsayin ruwa a gefe ɗaya, yawansa a ɗayan, ɗigon sai su jeru su yi layi mai lanƙwasa. Daga nan ba a bukatar lemo kuma. A dubi sanda kawai, layin ya faɗi sauran. Abin da kwamfuta ke yi yanzu ke nan, sai dai ita tana haɗa awon ruwan sama da na koguna masu yawan gaske, na shekaru da dama, ta koyi yadda wannan ke bin wancan, ta yi kintacen ambaliya kwanaki kafin ta zo.

Amma lalle in faɗi iyakar dabarar, yadda na faɗa wa yaron. Layin ya san abin da aka taɓa aunawa ne kaɗai. In ruwa ya wuce ɗigo na ƙarshe, ko yashi ya cike kogin, ko bangon madatsa ya karye, to, an shiga abin da takarda ba ta gani ba, tilas a koma ga lissafin Navier da idon injiniya.

Tun daga ranar yaron ya kafa gwangwani mai miƙaƙƙen baki a tsakar gidansu, yana tsoma rula kowace safiya. Na koya masa cewa milimita ɗaya na ruwan sama lita ɗaya ce a kan kowane murabba'in mita. Kafin in bar makarantar ya cika shafi uku na littafinsa.